Neman shawara: na gama haɗa MGB ta 1972, amma ƙafafunta sun ƙi zama daidai

Mai MGB ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan ina aikin farfaɗo da wata mota MGB ƙirar 1972, mai buɗaɗɗen rufi, wadda na same ta a ajiye tayoyinta sun nutse a ƙasa. An yi walda, an yi fenti, injinta mai 1798cc yana tashi da bugu ɗaya, kuma birki yana kamawa yadda ya kamata. Matsalata tana ƙafafu, wato sifirin da shokozoba da sauran ƙarafan da ke riƙe tayoyi.

Na sauya duk robobin bushi na gaba da na baya, na sa sababbin sifirin masu naɗi a gaba da sababbi masu falle-falle a baya, na kuma sauya kinfin, wato sandar da tayar gaba take juyawa a kanta idan an murɗa sitiyari, na ɓangarorin biyu. Shokozoba kuwa na bar nata na asali, wato masu hannu, bayan na wanke su na ƙara musu mai. Da na sauke ta ƙasa, sai na ga bayanta ya ɗage sama fiye da yadda nake gani a tsofaffin hotuna, kuma idan ta hau gargada tana yin tsalle maimakon ta shanye bugun. Sitiyarin ya yi nauyi, ba ya kuma dawowa tsakiya da kansa bayan an sha kwana. Wani ya ba ni shawarar in cire shokozoban asali in sa na zamani masu bututu, in kuma sayi gajerun sifirin. Kafin in ƙara kashe kuɗi ina so in ji daga waɗanda suka daɗe a wannan aiki.

Tsohon Bakanike ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, sannu da ƙoƙari, domin wanda ya kai mota irin wannan har ta tsaya da ƙafafunta ya yi aikin da mutane da yawa suke farawa su watsar. Tambayata ta farko ita ce: a ina motar take lokacin da ka ɗaure notocin bushi? Ina kyautata zaton tana rataye a kan matokari, tayoyi suna lilo, saboda alamun da ka lissafa sun yi kama da haka sosai.

Bushin roba ba ya juyawa a kan ƙusarsa kamar yadda boris yake juyawa. Idan ka matse notin, cikin robar yana kamewa wuri ɗaya, duk motsin da hannun ƙafa zai yi sama da ƙasa kuwa robar ce take murɗuwa ta ɗauke shi. To, idan ka ɗaure alhali ƙafa tana rataye, ka kafa robar ne a matsayin da motar ba za ta taɓa zama a cikinsa ba, kuma da zarar nauyi ya sauka a kanta, robar ta riga ta murɗe tun kafin ka bar gareji. Daga nan sai ta riƙa tura motar sama, ta ƙara wa ƙafa tauri, kuma cikin 'yan watanni ta tsage. Abin da za ka yi shi ne ka sassauta notocin hannayen ƙasa na gaba, da na hannun sama inda ya haɗu da kan kinfin, da na idon sifirin baya da maƙalansa na ƙarshe, ka sauke motar a wuri mai shimfiɗe, tana ɗauke da man fetur kamar rabin tanki, ka danna ta sau da yawa a kowace kusurwa, ka tura ta gaba da baya 'yan taku, sannan ka ɗaure komai tana tsaye a kan tayoyinta. Idan hannunka ba ya shiga, ka hau da ita kan katako masu kauri ɗaya ko kan ramin gareji.

Game da shokozoba, ba na goyon bayan ka taɓa su yanzu. A gaban MGB, hannun shokozoban shi ne kansa hannun sama na ƙafa, saboda haka aikinsa biyu ne: yana kashe tsalle, yana kuma riƙe kan kinfin a wurinsa. Ka cire ƙusar da ta haɗa shi da kinfin, bayan ka tokare farantin sifirin da jak, ka ja hannun daga sama har ƙasa a hankali. Ya kamata ka ji turjiya iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Idan akwai wurin da hannun yake faɗawa babu turjiya, iska ce a ciki ko kuma ya mutu. Idan kuma yana girgiza gefe da gefe ko mai yana tsiyaya daga gindinsa, sandarsa ta cinye, sai dai a sake gina shi. Mai ma a kula da shi, domin man shokozoba mara kauri ake zubawa, ba man birki ba, ba kuma man inji mai kauri ba. Na sha ganin an cika su da mai mai kauri da sunan ƙarfafa su, motar ta koma kamar amalanke.

Nauyin sitiyari kuwa ka fara neman sa a kinfin. Ka ɗaga gaba, ka cire tayirod, wato sandar da take tura taya ta juya, daga hannun sitiyari, ka juya kowace taya da hannu ɗaya. Idan ta cije, ko dai ba a goge sababbin bushin kinfin a layi ɗaya ba, ko wasa ɗin da ke samansa, wato siririn zoben ƙarfe, ya yi kauri, ko kuma giris bai ratsa ba. Idan duka biyun suna juyawa sumul, sai ka duba haɗuwar sandar sitiyari da rak ɗin, wato ƙarfe mai haƙora da yake tura tayirod, domin a wannan mota sai an daidaita su da siraran wasa, kuma idan suka kauce wa juna ko kaɗan sitiyarin yana ɗaurewa ya daina komawa tsakiya. Bayan duk wannan ne za ka yi saitin taya. Littafin kamfani ya ce gaban tayoyin gaba ya ɗan shigo ciki da inci 1/16 zuwa 3/32, wato kimanin milimita 1.6 zuwa 2.4, kuma shi kaɗai ne saitin da aka bar wa mai gyara a wannan ƙira.

Mai Walda ya amsa:

Baba ya faɗi gaskiya, kuma ban da abin da zan cire daga maganarsa, sai dai ina shakkar bushi kaɗai zai ɗaga baya har ido ya gani daga nesa. Malam, ka duba lambar sifirin da aka sayar maka. MGB ta fito daga masana'antar Abingdon a Ingila tun daga 1962 har 1980, kuma ba tsayi ɗaya take da shi ba duk tsawon waɗannan shekaru. A ƙarshen 1974, saboda dokokin Amurka kan bamba da tsayin fitilu, kamfanin ya sa mata baƙar bambar roba ya kuma ɗaga motar sama, abin da ya ɓata mata riƙon kwana har sai da aka gyara da sandunan hana jirkicewa a ƙirar 1977. Haka nan MGB GT, wato nau'inta mai rufin ƙarfe, ta fi taka nauyi a baya, sifirinta kuma ya fi ƙarfi. Idan aka haɗa ka da na GT ko na mai bambar roba, motarka za ta tsaya kamar tana shirin durƙusawa ko da ka ɗaure komai bisa ƙa'ida. Sabon sifirin mai falle-falle yana ɗan sauka bayan an yi tafiya da shi, amma ba ya sauka ya koma wani sifirin dabam.

Abu na biyu ya shafi sana'ata. Wannan mota ba ta da shasi dabam, jikinta ne ƙashinta, kuma ƙarfinta yana cikin dokin ƙofa na ɓangarorin biyu da wurin da idon sifirin baya yake kamawa, waɗanda su ne tsatsa take fara ci. Tunda ka ce an yi walda, ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya a hagu da dama, ka kuma auna daga tsakiyar kowace taya zuwa ƙarfen adon da ke gefen bodi. Idan hagu da dama suka bambanta da yawa, to an walda mazaunin sifirin a karkace, kuma babu shokozoban da zai gyara wannan. Ka lura da ƙofofi ma: idan tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi tana sauyawa lokacin da ka ɗaga motar a jak, dokin ƙofar bai yi ƙarfi ba tukuna.

Ɗan Kwana ya amsa:

Da izinin manya, ni na sa shokozoba masu bututu a bayan tawa kuma ina jin daɗinsu, amma sai da na sassauta su zuwa matakin ƙasa kafin bayan ya daina tsalle, saboda bayan motar ba shi da nauyi sosai. Don haka ban ga su a matsayin maganin damuwarka ba. Abin da nake so in tambaya shi ne shekarun tayoyinka. A gefen kowace taya da aka ƙera daga shekarar 2000 akwai lambobi huɗu da suke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, kuma tayar da ta daɗe a ajiye tana bushewa ta yi tauri ko da zanenta bai cinye ba. Iska ma a rage ta zuwa abin da littafin motar ya faɗa, domin idan ka hura mata irin ta motocin zamani masu nauyi, tsalle za ta yi.

Gargaɗi ɗaya kuma, idan har za ka sake cire sifirin gaba: kada ka yi haka inji yana waje. Nauyin injin ne yake danne motar lokacin da jak yake matse sifirin daga ƙasa, kuma idan babu shi, motar ce jak ɗin zai ɗaga gaba ɗaya ya bar sifirin a ɗane, wanda idan ya kufce zai iya karya ƙashi.

Mai MGB ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, zatonka daidai ne, a kan matokari na ɗaure komai. Na sassauta na sake ɗaurewa a ƙasa kamar yadda ka bayyana, gaban ya sauka, bugun gargada kuma ya yi laushi sosai. Da na cire tayirod, tayar dama tana juyawa da yatsa biyu, ta hagu kuwa sai da na sa ƙarfi, saboda haka zan buɗe kinfin ɗin hagu in duba wasan samansa. Awon tsakanin tayoyi ya zo ɗaya a hagu da dama, abin da ya kwantar mini da hankali game da waldar.

Baya dai har yanzu yana sama, kuma da na ƙirga fallen sifirin na samu bakwai, alhali tsofaffin da na cire shida ne. Malam Mai Walda, ina ganin na GT aka ba ni. Zan mayar da su in nemi na asali, amma ina so in ji ra'ayinka kan tsofaffin, waɗanda babu karaya a jikinsu sai tsatsar sama: in kai a sake musu lanƙwasa, ko kuwa sababbi masu falle shida sun fi kwanciyar hankali?