Intakular Hilux ɗina: in bar ta a saman inji ko in mayar da ita gaba?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da Hilux Vigo mai shan gas, injin 3.0, irin mai hanci a kan bonet ɗin nan. Da ita nake ɗauko buhunan masara da waken suya daga Dawanau zuwa cikin gari. Tun da bazara ta kama take min wani hali. Da sassafe lafiya lau take. Amma da rana, in na maƙale a cunkoson Kurna kamar rabin awa, da hanya ta buɗe na taka totur sai ta yi nauyi, kamar an ɗaura mata dutse, har da ɗan baƙin hayaƙi. In na miƙi hanyar Bichi na yi minti biyar ina gudu, sai ƙarfinta ya dawo. Allurar zafi kuwa ba ta motsawa daga inda take.

Ran nan na buɗe bonet na ɗora hannu a kan intakular, wato abin nan mai huce iskar turbo, wallahi sai da na yarfe hannu. Wani yaro a garejinmu ya ce tun asali wurin ne bai dace ba, a sayo babba a Ƙofar Ruwa a ɗaura ta a bayan bambar gaba. Kafin in kashe kuɗina, wa ya taɓa yi?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Alhaji, yaron bai yi ƙarya ba, amma rabin maganar ya faɗa maka.

Turbo matse iska yake yi, iska kuwa in an matse ta zafi take ɗauka, shi ya sa kan famfon keke yake ɗumi in ka daɗe kana bugawa. Aikin intakula ta huce iskar kafin ta shiga inji. Taka tana kwance a saman inji, abincinta kawai iskar da ke shigowa ta hancin bonet. In kana gudu tana samu. In ka tsaya, babu mai shigowa, sai ma zafin inji da ke tasowa daga ƙasa ya gasa ta. Ka taka totur, iska mai zafi ta bi ta cikin ƙarfe mai zafi, ta isa inji ba ta da kauri, gas bai samu isasshiyar iskar da zai ƙone da ita ba. Ga nauyin, ga hayaƙin.

To amma gaban motar ba fili ba ne. Kwandensar AC na nan, lagireto na bayanta, dukkansu ƙofa ɗaya suke shan iska. Ka kawo ta uku ka sa a gabansu, ita za ta fara sha, ta miƙa musu sauran da ɗuminsa. Toyota da kansu sun mayar da ita gaba a Hilux ɗin da suka fitar a 2015, amma ai tare suka zana fuskar motar da lagireton da fankar. Kai kuwa mai walda ne zai zana maka.

Kafin komai duba min abu biyu. Akwai roba a ƙarƙashin bonet da ke zagaye bakin intakular, ita ke tilasta wa iska ta ratsa ta ciki. Tana nan? Sannan ka haska fitila ta ƙasa, ka leƙa ta sama, ka ga ko haske na wucewa. Ƙurar hunturun da ya wuce da ƙaiƙayin Dawanau ba inda suka tafi.

Mai Forester:
Ni na yi, don haka bari in faɗa maka abin da na gani. Tawa Subaru Forester ce mai turbo, ita ma a sama take. Na sa aka yanka bayan bamba aka ɗaura wata ƙatuwa. Gaskiya a hanyar Zariya na ji daɗinta, ja take yi ba gajiya. A cikin gari ne na raina kaina. Bututun da a da bai fi kamu biyu ba ya koma zagaye injin gaba ɗaya, sai ka taka ka ɗan jira kafin turbo ya cika shi. Tsakanin ƴan adaidaita sahu kuwa wannan ɗan jiran ya isa wani ya soko maka kai. AC ta rage sanyi in ana tsaye, uwargida ce ma ta fara lura. Sannan kowace mahaɗa wurin yoyo ce: sau biyu tiyo yana fita, na biyun a kan gadar Ƙofar Nasarawa, ji kake fuf, mota ta mutu a hannuna. Ga tsakuwa, duk ta lanƙwasa mata haƙora na ƙasa, siraran ƙarafan nan da iska ke ratsawa.

Ban mayar da ita sama ba, don kuɗin sun riga sun tafi. Amma kai da kake ɗaukar kaya a hankali da lodi, lagiretonka ya fi buƙatar iskar nan fiye da nawa.

Injiniya Ƙarami:
Ƙari kaɗan a kan maganar Baba. In zafin gari ya kai digiri 40, turbo kuma yana ninka matsin iskar sau biyu, abin da ke fitowa daga bakinsa yakan haura digiri 120. Intakula mai aiki da iska ba ta iya sauke shi ƙasa da zafin garin, ko a goshin motar ka ɗaura ta. Kusan duk ƙarin digiri 10 yana rage kaurin iska da kashi 3 cikin ɗari. Wato motar da ta saba da sanyin Turai dole ta ɗan yi kasala a Kano a watan Afrilu.

Akwai hanya ta tsakiya: ƙaramar fankar lantarki a jikin intakular. Tsohuwar Pajero 2.8 da ita ta zo daga kamfani. Sai dai a sa rewaya na kirki ya haɗa ta da fis da rile.

Ɗan Kurna:
Baba, Allah Ya ƙara girma. Na duba da yamman nan. Robar babu ita sam, ina jin tun lokacin da aka yi min fentin bonet aka cire ba a mayar ba. Fitila kuwa ko ɗigon haske bai wuce ta tsakiya ba, ƙura ta haɗu da maiƙo ta zama kamar kwalta. Da muka zare tiyon ƙasa mun ga baƙin mai kaɗan, kamar cokali ɗaya. Wannan matsala ce?

Tsohon Bakanike:
Cokali ɗaya ba komai, numfashin inji ne ke kawo shi. In ka ga yana tsiyaya, to a duba turbo. Ku cire ta gaba ɗaya ku wanke, amma kada yaran wankin mota su matso da bakin injin feshinsu, haƙoran alminiyon ne, nan take za su kwanta. In kun ɗauraye cikinta da kananzir, ta kwana biyu a rana baki ƙasa kafin a mayar. Injin gas in ya shaƙi ragowar zai tashi da gudu da kansa, ko ka zare makulli ba zai tsaya ba. Robar kuma ka tafi Ƙofar Ruwa da hoton ƙasan bonet ɗin a wayarka, in ba haka ba ta wata motar za su ba ka.