Ruwa ya cika dausayi, amma tsuntsaye sun ragu: me ya jawo?

Ɗalibin Daji: Assalamu alaikum. Idan aka keɓe dausayi don tsuntsaye masu ƙaura, aka datse shi ruwa ya zauna rani da damina, me ya sa suke raguwa maimakon su ƙaru?

Malam Na-Fadama: Wa alaikumus salam. Zurfin ne ya yi yawa, ɗan'uwa. Agwagin daji masu tsoma kai su ci ba sa kaiwa ƙasa in ruwa ya wuce santimita 25 zuwa 30. Ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa kuwa santimita 10 ma ya yi musu yawa, ɗanyar laka suke tsattsaga don tsutsa. Mai zurfi sai masu nutso.

A buɗe ƙofar madatsar a janye ruwan a hankali, santimita 2 zuwa 3 a rana. Laka za ta riƙa fitowa, ciyayi masu ƙwaya su tsiro. In sun nuna, a mayar da ruwan kashi-kashi daidai lokacin saukar tsuntsayen. In aka zuƙe shi tashi ɗaya, lakar ta bushe ta tsage, abincin ya mutu.

Hajiya Mai Ƙidaya: Malam ya faɗi gaskiya, amma ya bar kachala, doguwar ciyawar nan mai toshe ruwa. Ruwan da ba ya hawa ba ya sauka shi take so. Bayan an kammala madatsar Diama a kogin Senegal a 1986, ta mamaye bakin kogin, har gandun tsuntsaye na Djoudj bai tsira ba. Ƙona kachala ɓata lokaci ne, saiwar na nan a raye. A yanke ta a ƙarƙashin ruwa, a bar kututturan a nutse kamar santimita 15 na makonni. Ta ganye saiwar ke samun iska, in babu sai ta ruɓe.

Likitan Tsuntsaye: A kula da lokacin zafi. Ruwa mara zurfi mai ɗumi da mushe a ciki na kawo gubar botulizim: tsutsar mushe ta kwashi gubar, tsuntsu ya ci, wuyansa ya saki, ya nutse. A riƙa kwashe mushen kullum ana binnewa.

Hajiya Mai Ƙidaya: Ɗalibi, kafin ka ce sun ragu, ka ƙidaya su a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kowace shekara. A tsakiyar Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya tun 1967, da ita za ka gwada taka.