Wai Talaka Kaɗai Allah Yake Zaɓa?

Daga zauren WhatsApp na wata ikilisiya a cikin garin Katsina, ran Lahadi da yamma.

Auta: Salama gare ku iyaye da yayye. Wa'azin yau ya tsaya mini a rai. Fasto ya ce 'ya'yan Yesse bakwai suka wuce a gaban Sama'ila, Allah bai ɗauki ko ɗaya ba, sai da aka aika daji aka kira Dawuda daga wajen tumaki. Ni abin da na fahimta shi ne, Allah ba ruwansa da manya. Talaka yake zaɓa. Mai kuɗi da mai digiri sai dai su biyo baya.

Mai Shagon Ƙofar Ƙaura: Kai Auta, yi a hankali. Ibrahim fa? Buɗe Farawa 13, dabbobi da azurfa da zinariya gare shi. Ayuba kuwa tumaki 7,000, raƙuma 3,000. Ni dai duk zuwan da nake yi kasuwar Mai'aduwa ban taɓa ganin raƙuma haka ba. Su ma talakawan ne?

Auta: Yaya, ka ɗauko biyu, ni in kawo maka goma. Amos makiyayi ne daga Tekowa. Bitrus da Andarawas masunta. Majalisar Yahudawa da kanta ta lura Bitrus da Yahaya ba su yi zurfin karatu ba, yana nan a Ayyukan Manzanni 4:13. Maryamu kuma da aka kai jariri Yesu Haikali, tsuntsaye biyu aka miƙa, hadayar wanda bai da halin ɗan rago.

Malamin Lahadi: Kowa ya ja bargo gefensa. Auta, masuntan nan ba duka ne 'yan rabbana ka wadata mu ba. Markus 1:20 ya ce Yakubu da Yahaya sun bar ubansu Zabadi a jirgi tare da ma'aikata. Wanda ke biyan ma'aikata ai ba ya kwana da yunwa. Matiyu a teburin haraji aka kira shi. Bulus kuma a gaban Gamaliyel, babban malamin Yahudawa, ya yi karatu. Shi Bulus ɗin, a 1 Korantiyawa 1:26, bai ce babu masu hikima da masu iko a cikin waɗanda aka kira ba. Cewa ya yi ba su da yawa. Tsakanin "babu" da "ba yawa" akwai tafiya.

Maman Zumunta: Malam, ni ban iya jera ayoyi kamar ku ba, amma bari in faɗi abin da idona ya gani. Mahaifinmu a Babbar Ruga aka yi masa maganin kuturta. Ciwon ya riga ya cinye masa yatsu, sai dai ya tallabi Littafi da bayan hannu, in zai juya shafi ya sa leɓe. Da ya koma ƙauye ko ƙwarya ba a haɗawa da shi. A gindin tsamiya ya fara karanta wa mutum uku, biyu daga ciki ma yara ne, ni ce ɗaya. Yau akwai ɗakin sujada a wurin. In ka ce mini Allah ba ya neman na ƙasa, ba zan ji ka ba.

Malamin Lahadi: Mama, ban musa ba, Allah ya ba mu rabin bangaskiyarsa. "Kaɗai" ɗin Auta ne ya tsone mini ido.

Baba Dattijo: Na bar ku ne ku gaji tukuna. Ku tambayi dalili mana. Gidiyon yana sussukar alkama a ɓoye a wurin matse inabi saboda tsoron Madayanawa, ya ce gidansu ne mafi ƙanƙanta a Manassa. Da ya tara mutum 32,000, Allah ya rage su har 300, ya kuma faɗi dalilinsa a Mahukunta 7, wato kada Isra'ila ta bugi ƙirji ta ce ƙarfinta ne. Bugun ƙirjin ne ba ya so. Musa a fadar Fir'auna ya tashi, ba a hana shi aikin ba, amma sai da ya yi shekara 40 yana bin dabbobin surukinsa. Kuma Auta, in gaya maka, na ga talakan da rigarsa ɗaya amma girman kansa ya fi hasumiyar Gobarau.

Mai Shagon Ƙofar Ƙaura: Yawwa Baba! Magana ta ƙare.

Auta: Ba ta ƙare ba Yaya. Baba, na karɓi gyara, na janye "kaɗai". To amma in zuciya ake dubawa, me ya sa ranar godiyar kaka aka jera kujerun roba a gaba aka ce na manyan baƙi ne, aka tashi tsohon da ke mana gadi ya koma benci bakin ƙofa? Wasiƙar Yakubu sura 2, da ta hana fifita mai kuɗi a kan talaka a wurin sujada, ba a kanmu take magana ba?

Mai Shagon Ƙofar Ƙaura: Baƙin nan su suka sayi kwanon rufin da kake zaune a ƙarƙashinsa. Girmama baƙo ba zunubi ba ne.

Maman Zumunta: Kwano sun saya, mun gode. Shi kuma tsohon shekara nawa yana kwana a ƙofar nan cikin sanyin hunturu? Ni na ga lokacin da aka tashe shi. Ɗaukar hularsa ya yi bai ce uffan ba, ni ce kunya ta kama.

Malamin Lahadi: Nan kam ba ni da ayar da zan kare mu da ita.

Baba Dattijo: Ni na sa a jera kujerun. Zan kai maganar zaman dattawa ran Laraba. Auta, ka zo ka faɗa da bakinka.

Auta: Zan zo Baba. In taho da shi tsohon?

Baba Dattijo: Ka fara tambayarsa ko yana so.