Garin furotin ko kiret ɗin ƙwai? 'Yan ƙarfen Kano, me kuka gani?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum. Wata bakwai ke nan ina ɗaga ƙarfe bayan na tashi daga shago, amma har yanzu kilo 64 nake, kamar sillen kara. Ogan da ke koya mana ya ce sai na haɗa da garin furotin. Na shiga Sabon Gari na tambayi kuɗin babbar roba, sai da na ce a maimaita, na ɗauka kunnena ne. Mai shagon ya ce tun da aka saki naira a 2023 kayan waje suka fi ƙarfin talaka. Don Allah waɗanda suka taɓa sha, ya cancanci in matse bakin aljihu saboda shi?

Na Kurna: Ƙanena, ko za ka saya, kada ka sayi na awo. Bara wani ya riƙa zuwa wurin ɗaga ƙarfenmu da ƙulli a farar leda, wai daga babban buhu yake aunawa, rabin kuɗi. Na karɓi biyu. Da na zuba a ruwa sai ya yi kauri kamar kunun kanwa, ƙasan kofin kuma ya kwanta da wani abu mai danƙo. Matata ta ɗanɗana ta ce, "Wannan ai madarar gari ce da kastad." Sati uku ina sha ina jiran ƙwanji, tumbi na samu. Araha ba ta ado. Roba mai hatimi, da ranar lalacewa, da lambar NAFDAC, ko kuwa ka riƙe kuɗinka.

Malamin Lissafi, Gwale: Bari in yi abin da na iya. Mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar kamar giram 1.6 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Kai mai kilo 64, giram ɗari da ɗan ɗoriya ke nan. Wannan ɗan ludayin da ke cikin roba yana ɗibar gari giram 30, furotin ɗin ciki kamar 24. Ƙwai ɗaya giram 6. Ludayi ɗaya ƙwai huɗu ne, ba wani siddabaru.

Babbar roba mai kilo 2.27 tana ba da ludayi saba'in da 'yan kai, wato ƙwai kusan 300, kiret goma. To je ka tambayi kuɗin kiret a unguwarku ka ninka sau goma, ka ajiye kusa da kuɗin robar. Ni duk lokacin da na yi wannan lissafin, ƙwai ne ke cin gasa. Waken suya kuwa ba a magana: ɗanyen giram 100 yana da furotin kusan 36, wake kamar 23, gyaɗa 25. Mudu guda daga Dawanau ya yi maka kwanaki. Kuma shi garin, sunansa wei, daga ruwan da ke saura ne bayan an kama cuku, a busar da shi. Abinci ne, ba magani ba.

Ɗan Fagge: Malam, ƙwai goma sha bakwai kullum ke nan fa?

Malamin Lissafi, Gwale: Haba! Tuwon da kake ci da garau-garau da ƙosai duk suna da rabonsu. Giɓin kawai za ka cike.

Maman Ilham, Hotoro: Maza kun cika son abin da aka rubuta da Turanci. Ni ma ina motsa jiki tun bayan haihuwata ta uku, kuma awara nake yi ta sayarwa, don haka a kan waken suya ku saurare ni. In jiƙa shi da daddare, in kai inji da safe, in tace, in ɗora a wuta. Kafin in zuba ruwan tsami sai in ɗebi kofi biyu na madarar, ta dahu sosai, ita nake sha da ɗan dabino. Awarar da zan ci kuma ba na tsoma ta a mai, cikin miya nake saka ta ko in gasa. Wadda kuke saya a bakin titi, a soya, a tsoma a ƙwai a sake soyawa, rabinta mai ne.

Akwai garin da nake yi wa ƙanena: waken suya a soya shi a busasshen kasko har ya yi ja ya daina ƙarni, a surfe ɓawon, a niƙa da ƙuli-ƙuli da 'yar citta. Cokali uku a koko. Kada wanda ya niƙa shi ɗanye, zai hana ciki narkar da abinci, ga kumburi. Gyaɗar da ta yi fumfuna kuma a zubar, gubarta hanta take ci.

Na Kurna: Hajiya, an ce waken suya na rage wa namiji ƙarfi.

Maman Ilham, Hotoro: Maigidana shekara goma sha ɗaya yana cin awarata, 'ya'yanmu biyar. Sai ka kawo wata.

Baban Dambe: Yara, lokacinmu fura da nono ce da ƙuli, sai fara in kakarta ta zo. Da su muka kayar da maza.

Ɗan Sharaɗa: Allah ya ja kwana Baba, amma bari in kare garin kaɗan, don ni yana min rana. Aikin kamfani nake, wani satin dare wani satin rana, ba ni da mai dafa min ƙwai ƙarfe biyar na asuba. Mu biyu da abokina muke haɗa kuɗi mu sayi roba ɗaya mu raba. Ba kullum nake sha ba, sai ranar da abinci ya gagara, don haka rabona yakan kai ni wata biyu. Da azumi ma ludayi ɗaya a kunun sahur ya fi min sauƙin tura ƙwai huɗu cikin barci.

Kurakurai biyu na yi. Na farko na sayi wanda ake kira gena saboda buhunsa ƙato ne kuma ya fi araha, ashe yawancinsa sitaci ne da sukari, abin da gurasa za ta ba ni. Juya bayan roba ka duba: furotin nawa a cikin giram nawa na gari. In bai kai kashi biyu cikin uku ba, ba wei kake saya ba. Na biyu, ni madara tana ɓata min ciki, satin farko kunya ta hana ni tsayawa a sahun gaba. Wanda aka tace sosai ya fi sauƙi a ciki amma ya fi tsada. Ka kuma nemi tambarin halal, tunda ba kowane abin kama cuku ne daga dabbar da aka yanka ba.

'Yar Asibiti: Ma'aikaciyar jinya ce ni. Mai lafiyar ƙoda, adadin furotin ɗin da Malam ya lissafa ba zai cutar da shi ba, amma mai ciwon ƙoda, ko wanda suga da hawan jini suka daɗe a jikinsa, ya ga likita tukuna. Abin da ya fi damuna allurai da ƙwayoyin kumbura jiki da ake tallata wa samari a ɓoye. Waɗannan ba furotin ba ne, suna taɓa hanta da zuciya da haihuwa. In ka matsa sai ka sayi wani abu a roba, kiriyatin, wani gari mai ƙara wa tsoka ƙarfi, ya fi arha, giram 3 zuwa 5 a rana, ka sha ruwa sosai a zafin nan na Kano.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai. Na tambayi kiret ɗazu na ninka, robar ta sha ƙasa. Zan fara da ƙwai uku da safe da garin Hajiya, in hau sikeli bayan wata biyu in dawo muku da labari. Hajiya, mudu ɗaya na waken, ƙuli nawa zan sa?

Maman Ilham, Hotoro: Rabin mudu. Ka ce wa mai inji ya wanke shi tukuna, in ba haka ba barkonon wata za ka sha a koko.