Muhawara: Tsananin biza, mu muka jawo wa kanmu ko zalunci ne?

Alhaji, ɗan kasuwa a Kantin Kwari: Jama'a, ra'ayina shi ne tsananin da ake yi mana wajen neman biza mu muka jawo wa kanmu. Duk wanda ya san harkar Umara a garin nan ya san mutanen da suka tafi da bizar ibada, suka sulale cikin unguwannin Makka da Jidda, suka zauna takari ba igama, har ranar da aka kwaso su aka sauke a filin jirgin Malam Aminu Kano. Ƙasar da aka daɗe ana yi wa haka, idan ta tsaurara, ban ga laifinta ba.

Malama, mai koyarwa a jami'a: Alhaji, ban musa cewa wake ɗaya ke ɓata gari ba, amma tambayar ita ce ko daidai ne a hukunta mai gaskiya da laifin wani. Bakanon da ke son zuwa Amurka sai ya biya dala 185, ya yi tattaki zuwa Abuja ko Legas domin babu ofishin a Kano, ya tsaya gaban gilashi da takardun banki da wasiƙar gayyata a hannu, a sallame shi cikin 'yan mintoci ba tare da an buɗe ko ɗaya ba. Dokarsu ta ɗauka cewa duk mai neman bizar ziyara niyyar zama yake da ita, sai ya tabbatar da akasin haka. Turai kuma yuro 90 take karɓa tun daga 2024, kuma ko an hana ka, kuɗin ba ya dawowa. Wannan ne abin da nake kira rashin adalci, ba tantancewar kanta ba.

Lauya, mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi: Ina roƙon mu raba biza da mafaka. Biza alfarma ce, ƙasa na iya bayarwa ko ta hana. Mafaka kuwa tana da Yarjejeniyar Geneva ta 1951, wadda ta haramta mayar da mutum inda ransa ke cikin haɗari. Shi ya sa a Nuwamban 2023 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce shirin tura masu neman mafaka zuwa Ruwanda ya saɓa wa doka, sabuwar gwamnati kuma ta soke shi a 2024. A nan, Alhaji, maganar "mu muka jawo" ba ta da gurbi, domin mutanen Borno da ke sansanin Minawao a Kamaru ba yawon buɗe ido ya kai su ba.

Baba, dattijo daga Fagge: Yarana, kuna ta ambaton Turawa kamar mu ba mu taɓa korar kowa ba. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Ghana, Hausawan zango da yawa suka dawo hannu rabbana, wasunsu ma a can aka haife su. A 1983 mu ma muka yi irin tamu a zamanin Shehu Shagari, alhali mun sa hannu a yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta ba ɗan yankin damar kwana 90 ba biza. Duk gwamnatin da aljihunta ya yi zafi, baƙo take fara dubawa.

Alhaji: Baba, Allah ya ƙara girma, ai maganarka ta ƙarfafa tawa: kowace ƙasa maslaharta take karewa. Da Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku da shiga sau ɗaya a Yulin 2025, hujjar da ta bayar ita ce ramuwa kan yadda muke yi wa nata mutanen.

Malama: Gwamnatin Najeriya ta musanta wannan hujjar, Alhaji. Kuma ko da gaskiya ce, gwamnatoci ne suka saɓa, amma ɗalibi da mai jinya ne ke biyan kuɗin sabuwar biza a kowace tafiya. Abin da nake nema kaɗan ne: a faɗa wa mutum dalilin hana shi a rubuce dalla-dalla, a ba shi damar ɗaukaka ƙara, a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Wanne daga cikin ukun nan zai taimaki mai niyyar sulalewa?