Injin jirgina yana mutuwa idan na ƙara wuta

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu gyaran injin jirgin ruwa. Ina da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, ina jigilar mutane tsakanin Yauri da ƙauyukan tsallake. Sati biyu ke nan, yana tashi lafiya, amma da na ƙara wuta a tsakiyar kogi sai ya fara tari, ya mutu. Na wanke kafireta, na canza fulogi da tiyon mai, na sassauta maɓallin iska na murfin tanki, duk a banza. Abin da ya ɗaure min kai, in yarona yana ta matsa ƙwallon robar tiyo da ke tura mai daga tanki, injin ba ya mutuwa. Famfon mai ne ya gaji, ko iska ke shiga wani wuri? Don Allah a taimaka, ranar kasuwa ta matso.