Batirin motata yana mutuwa in ta kwana

Abban_yara: Salam jama'a, dan Allah a taimaka. Tsohuwar motata ce ta iyali mai ƙofar ja (wadda ake ja gefe a buɗe), ƙirar 2003, in ta kwana biyu ba a tashe ta ba sai batir ya mutu murus, na sa sabo amma duk ɗaya wlh abin ya dame ni.

Rewaya: Wslm. Malam sami maltimita (mitar auna wutar lantarki) ka auna batirin, mota a kashe batir mai lafiya volt 12.6 yake nunawa, in inji na aiki kuma 13.5 zuwa 14.5, in bai kai ba to altaneto (na'urar da ke caja batir in inji na aiki) ne baya caji. In caji lafiya, akwai abin da ke shan wuta a ɓoye. Kashe komai, cire wayar kan negatib (mai alamar -) na batir ka haɗa mitar tsakanin wayar da kan batirin a bangaren amfiya (ma'aunin yawan wutar da ake sha), jira kamar minti 30, in ya wuce miliyamfiya 50 sai ka riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi, layin wannan fiyus ɗin ne ke shan wutar. Kar ka tada mota mitar na haɗe, mitar zata ƙone.

Maman_Ummi: Tawa wayoyin ƙofar ja ne suka tsinke, fitilar ciki ke kwana a kunne.

Abban_yara: Allah ya saka, gobe da safe zan gwada.